Akwatin agajin gaggawa na motocinmu zai iya tsayar da jini kuwa?

Direban_Sharon:
Slm jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya na gidan nan ku raba mana gardama. Mu direbobin layin Jos zuwa Abuja kusan kowa na da ɗan akwatin nan na agajin gaggawa a but, amma in ka buɗe ba komai ciki sai auduga da filasta da aidin da fanadol da wani ɗan siririn bandeji. To in Allah ya kawo tsautsayi a Hawan Kibo ko wajen Gidan Waya, gilashi ko ƙarfe ya yanke mutum a cinya jini na tsartuwa, wanne daga cikin kayan nan ne zai yi aiki? Na biyu kuma, wani dattijo a tasharmu ya rantse cewa duk wanda aka ɗaure wa ƙafa don tsayar da jini to sai an yanke ƙafar, wai gara a ɗauke shi a yi gudu da shi asibiti. Wani kuma ya ce a ɗaure amma a riƙa sassautawa. Wa ke da gaskiya?

Bakanike_Dilimi:
Wslm Oga. Mu dai a gareji man birki muke zubawa, nan take yake ƙone wurin jinin ya tsaya. Tun ina yaron gareji haka na taso na gani.

Maman_Ilham:
Man birki kuma? Innalillahi. A jikin ɗan Adam?

Nas_Rikkos:
Wslm Malam direba. Bari in fara da ƙanina na Dilimi. Ɗan yankan da ka ga ya tsaya da man birki, ko ba ka zuba komai ba da ma zai tsaya da kansa, abin da ka ƙara kawai shi ne ka ƙona naman wurin, ka jawo mana aikin wankewa, ciwon kuma ya daɗe bai haɗe ba. Haka baƙin mai, fetur, gishiri, garin magi, ƙasa, duk mun sha ganin an kawo mana mutum da su a ciwo. Ƙasa da kashin shanu ma su ne babbar hanyar tetanus, ciwon nan da ke datse haƙora jiki ya sandare.

Tambayarka ta farko kuwa amsar ba daɗin ji, a duk abin da ka lissafa babu mai tsayar da jinin babbar jijiya. Aidin na wanke ƙaramin ciwo ne, filasta ta ƙujewa ce, auduga kuma jiƙewa take yi ta manne a nama. Abin da ke tsayar da jini dannawa ne. Ka yage wandon ka ga ainihin inda jinin ke fita, ka ninka goz, wato farin ƙyallen nan na asibiti da ake rufe ciwo da shi, ko tsumma mai tsabta, in babu ko rigarka ce, ka ɗora daidai wurin ka danna da hannu biyu, ka miƙe hannayenka ka sakar masa nauyin jikinka gaba ɗaya. Kuma dan Allah ban da ɗagawa ana leƙawa, duk ɗagawa ɗaya kana ɓalle gudajin da ya fara haɗuwa ne. Aƙalla minti 10 ba ɗagawa. In tsumman ya jiƙe ka ƙara wani a kai, kar ka cire na ƙasan.

DanKeke_Terminus:
Anti Nas to ya mutum zai gane jinin da ke kisa da wanda ba ya kisa? Don ni wlh ko kaza aka yanka gani nake jinin ya yi yawa 😅

Nas_Rikkos:
@DanKeke_Terminus in yana tsartuwa yana bin bugun zuciya, ko yana kwarara ba tsayawa, ko ya taru a ƙasa ya kai rabin kwalbar lemo, ko kayan jikinsa sun jiƙe sharkaf, wannan na kisa ne. Haka in ka ga ya fara sambatu, gumi mai sanyi na keto masa, cikin leɓensa da ƙasan idonsa sun yi fari fat. Babban mutum duka jinin jikinsa wajen lita 5 ne, in lita 2 ta fita yana bakin kabari. Babbar jijiyar cinya in ta yanke cikin minti 3 zuwa 5 za a iya rasa shi. Kai ka lissafa daga Hawan Kibo zuwa asibitin da zai iya yi masa aiki minti nawa ne, sai ka ga maganar a ɗauke shi a yi gudu ba tare da an tsayar da jinin ba gawa za a kai.

TsohonSoja_Rukuba:
Ɗana direba, ka gaida dattijon nan, ba ƙarya ya yi ba, karatun da ne yake ba ku. Mu ma haka aka koya mana da muka shiga aiki, wai ɗauri shi ne abu na ƙarshe, wai kana ɗaurewa ka sadaukar da ƙafa. Yaƙin Iraƙi da Afganistan ne ya sa sojojin Amurka suka sake lale, don sun ga yaransu na mutuwa da raunin hannu da ƙafa wanda ɗauri kawai zai tsayar, sai aka ba kowane soja nasa tonike, wato maɗauri mai faɗi da ke da sandar murɗawa don tsayar da jini, yana yawo da shi, mutuwar irin wannan rauni ta ragu sosai kuma ba a ga ƙafafun da ake tsoro suna zubewa ba. Har a 2015 gwamnatinsu ta fito da shirin Stop the Bleed don koya wa farar hula, bayan harbin da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a 2012.

Yadda ake sa shi: sama da raunin, ta ɓangaren jiki, da tazarar santimita 5 zuwa 7, wato faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Ba a kan gwiwa ba, ba a kan gwiwar hannu ba, in raunin na kusa da gaɓa ka haye sama da gaɓar. Ka lalube aljihu ka fidda waya ko makulli kar ka ɗaure a kansu. Ka ja maɗaurin iya ƙarfinka, ka murɗa sandar har jinin ya tsaya cak, ka maƙale ta, ka rubuta lokaci. In ɗaya bai tsayar ba, cinyar ƙato ce misali, ka sa na biyu a samansa gab da shi. Zai yi ihu, zai zage ka, zai roƙe ka da girman Allah ka kwance. Zafin nan alama ce ya kama.

Direban_Sharon:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To batun sassautawa fa? Wancan ya ce duk minti 15 a ɗan saki don ƙafar ta sha iska.

TsohonSoja_Rukuba:
Kar ka kuskura. Duk saki ɗaya jini ne ya fita wanda ba zai dawo ba, kana kashe shi kaɗan kaɗan ne. An daina koyar da wannan tuntuni. Wanda ya ɗaura ba shi ke kwancewa ba, ma'aikacin asibiti ne zai kwance. Ƙafa ko hannu na jure ɗauri har wajen awa 2 galibi ba wata illa mai ɗorewa, kuma daga Hawan Kibo zuwa cikin Jos ai ba ka cin awa 2.

Kafinta_Katako:
Ni fa ina da ja a nan Baba, da girmanka. A layinmu na Katako injin tsaga ya taɓa kama wani yaro a hannu, ƙasa da gwiwar hannu, maƙwabta suka yi maza suka ɗaure masa damtse da igiya, wlh ina tsaye jinin ƙaruwa ya yi ba raguwa ba, sai da wani mai shayi ya zo ya danne wurin da tawul sannan aka samu sauƙi har aka sa shi a keke. To in ɗauri na aiki me ya sa nasa ya ƙaru?

Nas_Rikkos:
Yawwa Malam Kafinta, ka kawo inda ake samun matsalar. Jijiyar da ke kai jini hannu tana can ciki kusa da ƙashi kuma da ƙarfi take turowa, masu dawo da shi kuma suna sama sama kusa da fata. Ɗauri mai sako-sako masu dawowar kawai yake toshewa, jini na shiga ba ya fita, sai ya bi ta raunin. Ka tuna in za mu ɗibi jininka a asibiti mukan ɗaura maka roba a hannu jijiyoyin su kumbura? To shi suka yi wa yaron nan. Ɗaurin da bai tsayar da jini ba ya fi rashin ɗauri muni. Ga kuma igiya siririya tana cin nama tana lalata jijiyoyin motsi, irin wannan ne ke jawo hannu ya shanye, daga nan sai a ce ai ɗauri ne ya jawo. Mai shayin nan shi ya yi daidai.

DanAgaji_Gangare:
Tabbas. Mu a horon da ake ba mu na 'yan agaji, in babu tonike na kanti akwai na gargajiya amma da sharaɗi. Ƙyalle mai faɗi, bai gaza faɗin yatsu uku ba bayan ka ninka, rawani ko gyale ko ɗankwali ko zani da aka yaga. Ka zagaya sau biyu ka ƙulla sau ɗaya, ka ɗora abu mai ƙarfi a kan ƙullin, sifana ko sukundireba ko cokalin ƙarfe, ka sake ƙullawa a kansa, sai ka yi ta murɗawa har jini ya tsaya, sannan ka ɗaure bakin sifanar da wani ƙyallen kar ta warware. Ban da biro ban da busasshen kara, karyewa suke yi. Kuma duk lokacin da kake haɗa wannan wani na danne da raunin, ba a saki dannawa a tafi neman rawani.

Bakanike_Dilimi:
To bel fa? Ko robar tif da muke ɗaure kaya da ita? Ita ai tana matsewa sosai.

DanAgaji_Gangare:
Bel ba ya murɗuwa kuma da hannu kaɗai da wuya ka matse shi yadda zai toshe jijiyar cinya. Siririyar roba da waya da igiyar takalmi duk layin igiyar da Malam Kafinta ya faɗa ne. Kai da ke da sifana cike da akwati ai ka fi kowa kayan aiki, tsumma mai tsabta kawai za ka ajiye a leda.

Malamin_Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ina bin bayanin da kyau, Allah ya saka. Sai dai na ga an jera abubuwan da ba a zubawa, ina son a yi hattara da batun toka, don ya tabbata a Bukhari cewa ranar Uhudu da aka raunata Manzon Allah (SAW) a fuska, Nana Faɗima (RA) na wankewa Sayyidina Ali (RA) na zuba ruwa, da ta ga jinin ƙaruwa yake sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. Me masana za su ce?

Dakta_Tiyata:
Wa alaikumus salam Malam, yanzu na fito na tarar da saƙonni tuli. Hadisin ingantacce ne ba mai ja. Abin lura, tokar da aka ƙona a take ce, wuta ta tsarkake ta, kuma an manna ta ne a rauni na fuska. Daban take da tokar murhu da ta kwana kaji na tonawa. Kuma abin da muke magana a nan jijiya ce da ke feso jini da ƙarfin bugun zuciya, wannan ko wane gari ka zuba wanke shi za ta yi. Hikimar sa wani abu da zai taimaki jini ya daskare tana nan har yau, akwai goz da ake haɗawa da sinadari, irin su QuikClot mai farar ƙasa ta kaolin da Celox, amma su ma sai an cusa su cikin raunin an danne aƙalla minti 3.

Malamin_Islamiyya:
Na gamsu Likita. Jazakallahu khairan.

Maman_Ilham:
Tunda Malam na kusa bari in yi tawa. In mace ce ta ji rauni a cinya a kan hanya, duk maza ne a wurin, ya za a yi? Don na san mutanenmu, tsayawa za a yi ana neman mace har jini ya ƙare.

Malamin_Islamiyya:
Hajiya wannan larura ce, kuma malamai ba su yi saɓani ba cewa ceton rai na gaba. A buɗe iya inda ake buƙata, sauran a rufa mata da mayafi, masu kallo su juya baya. Haka ita ma mace in namiji ne ya faɗi. Ranar Khandaƙ da kibiya ta sami Sa'adu bn Mu'azu (RA) a jijiyar hannu ai a tantin Rufaida aka ajiye shi, mace ce mai jinyar masu rauni.

DanKeke_Terminus:
Duk wannan karatu ne mai kyau amma ku faɗi gaskiya, abin da ke hana mutane taɓawa ba rashin sani ba ne kaɗai, tsoro ne. Ka ɗauki mutum jina-jina ka kai asibiti a ce kai ne shaida, ko a ce kai ka buge shi, in ya cika a kekenka kuma ka shiga uku. Shi ya sa za ka ga mutum hamsin sun zagaye kowa da waya yana ɗaukar bidiyo ba mai sunkuyawa.

Lauyan_Talakawa:
@DanKeke_Terminus doka na bayanka fiye da yadda kake zato. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Sannan dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba ta ce a karɓi mai raunin bindiga ko da takardar 'yan sanda ko babu, asibitin ne zai sanar da su cikin awa 2 da fara magani, kuma ta ce wanda ya taimaka ya kawo shi a mutunta shi kar a dame shi da tambayoyin tozarci.

DanKeke_Terminus:
Barista wannan a takarda ne. Wani abokin aikina ya kai wanda mota ta kaɗe wani asibiti, tun la'asar aka riƙe shi ana tambayoyi sai bayan isha ya samu kansa, ranar ko balas bai haɗa ba.

Lauyan_Talakawa:
Ban musa ba, yana faruwa. Abin da nake ba mutane shawara, kafin ka ɗauka ka kira 112, in haɗarin hanya ne ka kira 122 na Road Safety, duka kyauta ne, kiran da kansa shaida ne gare ka. Ka kuma ɗauki mutum ɗaya cikin waɗanda suka ga abin ku tafi tare. Su masu bidiyon ma a nan suna da rana, ka ce su ɗauke ka tun daga farko.

Uwar_Biyu:
Ni tsorona jinin ne kansa, cutar hanta da ƙanjamau. Allah ya gani ba zan iya sa hannu a jinin wanda ban sani ba.

Nas_Rikkos:
'Yar uwa tsoronki na kan hanya, shi ya sa safar hannu ke gaba a akwatin. In babu ki zura hannu a leda, ko baƙar leda ce. In yana cikin hayyacinsa ma ki ba shi tsumman ki ce ya danna da kansa kina nuna masa. Fatar da ba ta da ciwo ba kasafai cuta ke ratsa ta ba, ki wanke da sabulu bayan an gama. Kuma akwai allurar rigakafin cutar hanta nau'in B, duk mai harkar agaji ya kamata ya yi.

DanKuza_Bukuru:
To mu da ke daji fa, saran maciji ma haka za a ɗaure? Don mu kububuwa ta fi damunmu a kan yanka.

Dakta_Tiyata:
A'a! Dan Allah kar a haɗa. Saran maciji ba a ɗaure shi da tonike, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Dafin kububuwa da ma yana cin nama yana hana jini daskarewa, ɗauri ƙara lalata ƙafar yake. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ke da allurar dafi, mu a Filato an san Zamko ta Langtang da wannan, Gombe kuma Kaltungo.

Mahauci_YanShanu:
Likita mu namu tsautsayin wuƙa ne, musamman da Babbar Sallah da kowa ke zama mahauci. Wuƙa kan suɓuce wajen fiɗa ta shige cinya, wani lokaci ta tsaya a ciki. A zare ko a bari? Sannan in yatsa ya fita fit ya za a yi da shi?

Dakta_Tiyata:
A bari Malam, ko wuƙa ko gilashi ko ƙarfe. Sau da yawa ita ce ta toshe ramin da ta yi, kana zarewa ka buɗe. A tara tsumma gefe da gefe a danna ta gefen, a naɗe yadda ba za ta motsa ba, in jinin ya ƙi a ɗaura tonike a sama. Yatsa kuma a naɗe shi da goz mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kar naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a taho da shi tare da mai shi.

Bari in ƙara abin da ban ga an taɓo ba. In raunin rami ne mai zurfi, ɗora tsumma a baki bai isa ba, jinin na can ƙasa. Cusawa ake yi, ka kama bakin goz ka tura da yatsa har ka taɓo inda jinin ke fitowa, ka yi ta turawa yatsa na bin yatsa har ramin ya cika dam, sannan ka danne a kai. Wannan shi ne kaɗai mafita a hammata da matsematsi da gindin wuya inda tonike ba ya zama. A wuya ka danna gefen da ke jinin kawai, kar ka zagaye wuyan da bandeji. Ƙirji da ciki kuma ba a cusa musu komai.

Na biyu sanyi. Mu a Jos wannan ba wasa ba ne, mutum ya zubar da jini ga shi kwance a kwalta da asuba lokacin hunturu, jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau. Ku daina kwara wa mai rauni ruwa wai ya farfaɗo, ku shimfiɗa masa wani abu ku lulluɓe shi. Na uku zai ce ƙishi yake ji, kar a ba shi fiya wata ko madara ko maltina wai ta mayar da jini, wataƙila tiyata za mu shiga da shi kuma cikin da ke da abu haɗari ne wajen sa barci. Kar a ba shi asfirin ko diklofenak ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Kuma a yi sauri, akwai allurar rage zubar jini, tranexamic acid, da muke yi wadda amfaninta cikin awa 3 na farko ne.

Maman_Ilham:
Kai, maltina da madara fa shi ne abu na farko da muke sayowa. Allah ya yafe mana.

Direban_Sharon:
Jama'a an tafi maciji an tafi kotu, ku dawo da ni kan akwatina 😂 Yanzu in zan zubar da tarkacen ciki me zan zuba?

DanAgaji_Gangare:
Oga kar ka zubar, filasta da aidin na da ranarsu. Ka ƙara safar hannu kamar ƙafa huɗu, goz na naɗi manya da yawa ba ƙananan nan masu kamar katin waya ba, bandeji mai talewa guda biyu ko uku don naɗe dannawar in hannunka ya gaji, ƙyalle mai kusurwa uku guda biyu, almakashi mai ƙarfi da zai yanka jins, alƙalamin maka na rubuta lokaci, tocila, da bargon leda mai ƙyalli, ninke yake bai fi tafin hannu ba. In da hali tonike biyu. Kuma ka fidda akwatin daga but! Ranar da abu ya faru buhunan dankali na kansa ko but ɗin ya lotse ya ƙi buɗuwa. Ƙarƙashin kujerarka ko ta mai zaman gaba.

TsohonSoja_Rukuba:
A kula da jabu. Tonike samfurin CAT shi aka fi sani kuma shi aka fi kwaikwaya, na bogi sun cika intanet, kana murɗawa sandar ta karye a hannunka ko ɗinkin ya ɓalle. In ka ga araha ta yi yawa ka san da magana. Ka saya wurin masu kayan asibiti da aka sani, ka cire shi daga ledarsa ka shirya shi tun yanzu, hannu mai jini ba ya yaga leda. Wanda kuka yi gwaji da shi kuma ku ware shi na gwaji ne kawai. Ni da ƙungiyarku za ta ji tawa, kowace mota a tashar nan sai an sa mata guda.

Dakta_Tiyata:
A nan ne zan ɗan saɓa da Baba. Ban ƙi tonike ba, na ga waɗanda ya ceta. Amma ka raba shi ga direbobi ba horo, gobe za a kawo min wanda ya ƙuje a ƙwauri an shaƙe masa cinya tun Akwanga, ko a ɗaura a lulluɓe da bargo ba wanda ya gaya mana sai bayan awanni. Mafi yawan jinin hannu da ƙafa dannawa da cusawa na tsayar da shi. Kuɗin tonike na gaske guda ɗaya zai cika akwatuna da yawa da goz. Ni a fara da horo.

TsohonSoja_Rukuba:
Likita kai kana ganin waɗanda suka iso ne. Waɗanda ba su iso ba fa? Direba shi kaɗai da mutum biyar a kwance, hannu biyu gare shi, ba zai danne wa kowa ba. Tonike ka ɗaura ka wuce kan na gaba. Wanda aka ɗaura wa ba bisa buƙata ba kai za ka kwance masa ya tafi gida da ƙafarsa in an iso da wuri.

Nas_Rikkos:
Ku duka biyun kuna da gaskiya ai, ba a sa su faɗa ba. Red Cross na koyar da agajin gaggawa, 'yan agajin Izala da na JNI da Fityanu ma suna da masu horarwa, shugabannin tasha su gayyato su rana ɗaya a gwada a jikin juna. Batun mantuwa kuma shi ya sa ake rubuta lokacin a jikin tonike ɗin ko a goshin mutumin, kuma ba a rufe shi da bargo, a bar shi a fili.

Bakanike_Dilimi:
Na ji zan ajiye tsumma da safar hannu a gareji. Amma ƙaramin yanka dai Anti ki bar mu da man birkinmu.

Nas_Rikkos:
Ban bari ba. Ruwa mai tsabta da sabulu, sai filasta. Kuma yaushe rabonka da allurar tetanus kai da ke wasa da tsatsa kullum?

Malama_Firamare:
Yara fa? Muna da akwati a ofishin hedimasta amma shi ma auduga ce da aidin.

Dakta_Tiyata:
Malama ɗan firamare tonike na manya na kama shi galibi. Ƙanana sosai da hannunsu bai kai ya matse ba, dannawa da hannu ta wadatar don jijiyarsu ba ta da ƙarfin ta babba. Sai dai jininsu kaɗan ne, abin da za ki raina a babba a yaro mai yawa ne.

DanKuza_Bukuru:
Ni har yanzu maganar awa 2 ɗin nan ce ke min yawo. Wani ramin da muke aiki kafin a fito da mutum a samu mashin a kai titi, balle damina, an fi haka. Mu ɗaura ko kar mu ɗaura?

TsohonSoja_Rukuba:
Ku ɗaura. Mai ƙafa ɗaya na zuwa masallaci.

Dakta_Tiyata:
In dannawa da cusawa sun kasa ku ɗaura, ban ja ba. Amma ku irinku ne ya kamata ku fi kowa iya cusa goz, don kar ku kai ga ɗaurin sai dole. In kun ɗaura ku nufi asibiti mafi kusa ko ƙarami ne, ma'aikacin da ya iya zai cusa raunin ya gwada sassautawa a gabansa yana kallo, ku dai kar ku yi da kanku a hanya. Daga awa 2 haɗarin gaɓar na hawa, in ya kai wajen awa 6 da wuya a cece ta. Ku nawa ne a ramin naku, kuma akwai mai mashin da ke kwana a wurin?